Shin ya dace a karrama gidan abinci don ya tura ma'aikatansa bita kan tsaftar abinci?

Tambaya: Wata Hajiya, shugabar ƙungiyar masu gidajen abinci a garinsu, ta rubuto cewa suna shirin fara ba da takardar yabo, da sitikar mannawa a ƙofa, ga duk gidan da ya tura ma'aikatansa bita kan tsaftar abinci. Wasu 'yan ƙungiyar sun ce asarar kuɗi ce, domin takarda ba ta hana kowa gudawa. Tana son ta ji ko abin yana da amfani, kuma idan yana da shi, yaya za su tsara shi.

Amsa: Hajiya, Allah ya saka da alheri da wannan niyya. Ku yi, kada ku fasa. Amma masu cewa takarda ba ta hana gudawa su ma kada ki watsar da maganarsu, domin da gaskiyarsu a ciki, kuma a kan maganar tasu ya kamata ku gina tsarin. A aikina na duba-gari na shiga gidajen da aka jera satifiket a bango cikin firam, na zagaya baya na tarar da ɗanyen kaza a saman firji yana ɗiga a kan kabejin da za a yi salak da shi. Bitar an yi ta, ilimin bai sauko kicin ba. Saboda haka shawarata ita ce kada sharaɗin karramawa ya zama halartar bita kaɗai. Bita ta zama ƙofar shiga takara, yabo kuma ya hau kan abin da aka gani da ido a madafa ranar da masu gidan ba su san za a zo ba.

Dalilin da ya sa na ce ku yi shi ne girman matsalar. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ta nuna cewa kimanin mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo ta hanyar abinci duk shekara, 420,000 daga cikinsu suna mutuwa, kuma 125,000 na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Nahiyarmu ta Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka auna da yawan jama'a: fiye da mutum miliyan 91 na kwanciya, 137,000 na rasuwa. Yawancin waɗannan ba a taɓa danganta su da wani gidan abinci ba. Mutum ya ci shinkafa da rana, cikinsa ya ruɗe da dare, a ce zafi ne ko shawara ce. Mai gidan abincin ba zai taɓa jin labari ba, ballantana ya gyara. Mai saye kuma ba ya ganin kicin, fenti da fanka da talabijin kawai yake gani. To wanda ya kashe kuɗinsa ya koyar da yaransa, ya sayi ma'aunin zafi, ya zubar da miyar jiya, da wanda bai yi ko ɗaya ba, duk ɗaya suke a idon kwastoma. Amfanin sitika a ƙofa ke nan: ta fito da abin da ke ɓoye, mai ƙoƙari ya ga ribar ƙoƙarinsa.

An gwada wannan a wurare da yawa, kuma akwai darasi a yadda ya kasance. A ƙarshen 1997 wani gidan talabijin a Los Angeles ta Amurka ya shiga kicin-kicin da ɓoyayyar kyamara ya nuna wa jama'a ƙazantar da ke ciki. Hankalin mutane ya tashi, sai hukuma ta fito da tsarin kwali a Janairun 1998: wanda ya ci maki 90 zuwa 100 a binciken jami'an lafiya ya samu A, 80 zuwa 89 ya samu B, 70 zuwa 79 ya samu C, kuma a manna inda mai shiga zai gani. Masana tattalin arziki biyu, Ginger Jin da Phillip Leslie, sun yi nazari a 2003 suka ga cinikin gidajen da suka samu A ya ƙaru da sama da kashi 5 cikin ɗari, kuma suka ce kwanciya asibiti saboda cutar abinci ta ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari. Wannan adadi na biyu an yi jayayya a kansa: Daniel Ho na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun sake bin alƙaluman a 2019 suka ga an samu irin wannan raguwa a maƙwabtan yankunan da ba su yi tsarin kwalin ba. Shi dai Ho ɗin ya riga ya nuna a 2012 cewa a birnin San Diego kusan kowane gida A yake samu, har alamar ta daina bambance komai. Na kawo miki ɓangarorin biyu ne da gangan. Abin da ba a jayayya a kai shi ne masu gidaje suna motsawa idan an manna musu sakamako a ƙofa. Abin da ba shi da tabbas shi ne ko motsin nasu yana kaiwa ga lafiyar mai ci, kuma wannan ya danganta ne da me aka auna, wa ya auna, da kuma ko ana iya faɗuwa.

Ingila da Wales da Ireland ta Arewa suna da nasu tsarin tun 2010, maki daga 0 zuwa 5 a koriyar sitika. Abin da nake so ki lura da shi a nan shi ne ba su ware wani maki na "an je bita" ba. Jami'i yana duba abu uku: yadda ake sarrafa abincin, yanayin ginin da kayan aiki, da kuma yadda shugabancin gidan ke tafiyar da harkar tsafta. Horar da ma'aikata a cikin na ukun take, ana auna ta ne da tambayar ma'aikaci da duba littafin da ake rubuta aikin yau da kullum. A Wales dole ne a manna sitikar tun 2013, a Ireland ta Arewa tun 2016, a Ingila kuwa ganin dama ne, shi ya sa za ki ga masu 5 sun manna, masu 1 sun ɓoye a aljihun tebur. Taku karramawar ta sa-kai ce, don haka ba za ta tona asirin kowa ba, sai dai rashin sitika a ƙofar wani zai fara magana da kansa idan maƙwabtansa sun samu.

Yanzu wa ya kamata a horar? A nan ne ƙungiyoyi suka fi yin kuskure. Sai a ce kowane gida ya turo mutum biyu, mai gida ya duba wanda rashinsa ba zai tsayar da ciniki ba, ya turo yaron da ke share waje da yarinyar da ta fara aiki makon jiya. Su dawo da takarda, ba su da ikon ce wa babbar kuku ta zubar da komai, bayan wata uku kuma sun bar aikin. Horon da ya fi tasiri shi ne na wanda ake jin maganarsa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta kwatanta gidajen abincin da aka samu ɓarkewar cuta a cikinsu da waɗanda ba a samu ba, a wani nazari da aka buga a 2006. A cikin waɗanda ba a samu ba, kashi 71 cikin ɗari suna da manajan kicin mai shaidar ƙwarewa, a cikin waɗanda aka samu kuwa kashi 32 ne kacal. A kan irin wannan hujja ne kundin ƙa'idojin abinci na 2017 na FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ya ce wanda ke riƙe da gidan a kowane lokaci ya zama mai wannan shaida. Shaidar da aka fi sani a can ita ce ServSafe, ta ƙungiyar masu gidajen abinci ta ƙasar, wato ƙungiya irin taku, kuma bayan shekara biyar sai an sake zana jarrabawa. Dubai ma haka ta yi: dole kowane gidan abinci ya kasance da horarren mai kula a kowane zubin aiki, ba mai takardar da ke gida yana barci ba. Indiya ta fara shirinta na horo kan tsaftar abinci mai suna FoSTaC a 2017, da ƙa'idar horarren mai sa ido ɗaya ga kowane ma'aikata 25. Ku ɗauki wannan: sharaɗin farko shi ne mai gidan ko manajarsa ko babbar kuku ta zauna bitar da kanta, ta ci gwaji, kuma duk lokacin da tukunya ke kan wuta akwai horarren mutum a wurin. Sauran ma'aikata, har mai wanke-wanke da mai kai abinci a babur, shi wannan shugaban ne zai koyar da su a cikin makon farko na ɗaukarsu, a rubuta suna da kwanan wata.

Bitar ita kanta a yi ta da Hausa, a cikin kicin na gaske, ba a zauren otal da majigi ba. Da yawa daga cikin matan da ke riƙe da tukwanenku ba su yi boko mai zurfi ba, amma sun fi kowa saurin kama abu idan an nuna musu a hannu. Gwajin ma ya zama na baki da na aiki. Ginshiƙan ba su da yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita su a biyar tun 2001: tsafta, raba ɗanye da dafaffe, dafawa sosai, ajiye abinci a zafi ko sanyin da ya dace, da amfani da ruwa da kayan haɗi masu aminci. Na huɗun nan nake so malamin bitarku ya ɓata rabin lokacinsa a kai, domin shi ne inda muka fi faɗuwa, kuma shi ne wanda ido ba ya gani.

Tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, wasu suna ninka kansu duk minti ashirin. Zafin ɗakinmu a watan Afrilu yana tsakiyar wannan zango daidai. Shinkafar da aka sauke da ƙarfe goma na safe aka zuba a kula, zuwa la'asar ta huce ta zama ɗumi-ɗumi, kuma ana ta buɗewa ana ɗiba. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke zuwa cikin ɗanyar shinkafa, tafasa ba ta kashe irinta. Idan shinkafar ta daɗe a ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, gubar kuma ko an sake ɗumama abincin ba ta mutuwa. Mai ci zai fara amai cikin sa'a ɗaya zuwa shida. Shinkafar ba ta yi tsami ba, ba ta yi wari ba, kuku ta ɗanɗana ta ce lafiya lau. Wannan shi ne abin da ya fi wuyar shiga kan gogaggiyar mai girki: cewa hanci da harshe ba sa gano abinci mai cutarwa, ruɓaɓɓe kawai suke ganowa. Ƙa'idar ita ce dafaffen abinci kada ya wuce sa'a biyu a zafin ɗaki, ko a riƙe shi sama da digiri 60 a kan garwashi, ko a raba shi a ƙananan kwanoni marasa zurfi ya huce da wuri a sa a firji. Babbar tukunyar miya da aka tura firji da zafinta, tsakiyarta na iya kwana ba ta yi sanyi ba. Ga kuma matsalar wuta: firjin da aka ɗauke masa lantarki tun dare ba firji ba ne da safe. Gidan da ke neman yabo ya nuna me yake yi a irin wannan dare, janareta ne, ƙanƙara ce, ko rage yawan girki ne. Kuma a kowane gida a samu ma'aunin zafi mai tsinke da ake cakawa cikin nama. A 1993 mutum sama da 700 sun kwanta a Amurka, yara huɗu sun mutu, saboda gidajen abinci na kamfanin Jack in the Box suna gasa niƙaƙƙen naman shanu bai kai zafin da jihar Washington ta gindaya ba, wato kimanin digiri 68. Ratar 'yan digirori ce, wadda ido ba zai gane ba a jikin nama.

Sai batun ma'aikaci mara lafiya, wanda a ganina shi ne ma'aunin da ke nuna ko mai gida da gaske yake. CDC ta bi diddigin ɓarkewar cuta 800 a gidajen abincin Amurka daga 2017 zuwa 2019, ta ga cewa a cikin waɗanda aka gano musabbabinsu, kusan kashi 40 cikin ɗari ma'aikaci mai ciwo ne ya taɓa abincin. Kamfanin gidajen abinci na Chipotle a Amurka yana da ƙa'idoji a rubuce masu kyau, amma a 2020 ya amince ya biya tarar dala miliyan 25 bayan mutum sama da 1,100 sun kamu a rassansa tsakanin 2015 da 2018. A ɗaya daga cikin rassan, a Boston, an sa ma'aikaci ya ci gaba da aiki bayan ya yi amai a cikin gidan. Kin ga ba ilimi aka rasa ba. Yarinyar da ake biya kullum-kullum, idan ta san faɗin gaskiya zai sa ta kwana ba kuɗin cefane, za ta sha magani ta yi shiru ta ci gaba da yanka latas, ko bita goma ta je. Don haka ku sa a sharaɗi: mai amai ko gudawa ko wanda idonsa ya yi ɗorawa ba ya taɓa abinci, sai ya yi kwana biyu cur da warkewa, mai alamar shawara kuma sai likita ya sallame shi, sannan ba a yanke masa kuɗin ranakun. Masu bincikenku su ja ma'aikata gefe su tambaye su, ba a gaban mai gida ba.

Wani zai ce ai suna yin gwajin asibiti na masu taɓa abinci, ga takardunsu. A yi, tunda hukuma na nema, amma kada a lissafa shi a matsayin horo. Gwajin jini ko na bayan gida yana faɗar halin mutum ne a ranar da aka ɗauka, gobe yana iya kamuwa. Tun 1989 wani kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce irin wannan gwaji na lokaci-lokaci bai kai koyar da ma'aikata da sa su kai rahoton ciwonsu amfani ba.

Kayan haɗi ma a saka su a ciki. Ba mu manta da 2021 a Kano ba, lokacin da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami ya shiga kayan sha, mutane da yawa suka kwanta asibiti, wasu suka rasu. Mai gidan da aka horar ya san a ina yake sayen garin lemo da kayan ɗanɗano, yana duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ba ya karɓar abu a farar leda mara suna don araha. Haka ruwan da ake dama zoɓo da kunun aya da shi, da ƙanƙarar da ake jefawa a ciki. Fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari kuma ba sa kwana ɗaki ɗaya da buhun wake.

Yadda za a yi binciken shi ne zai raya shirin ko ya kashe shi. Ziyara ta zama ta ba-zata, kuma a lokacin cunkoso, wajen ƙarfe ɗaya na rana, domin a lokacin ne ake tsallake wanke hannu. Mutum biyu su je, ɗaya daga jami'an lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma ko malamin makarantar koyon tsafta, ɗaya daga ƙungiya wanda ba unguwarsu ɗaya da gidan ba. Kada su ci abincin gidan, kada su karɓi na goro, ƙungiya ta biya musu kuɗin mota. Ba takarda za su fara nema ba. Su tsaya su kalli aiki na rabin sa'a: akwai ruwa mai zuba da sabulu kusa da inda ake girki, ko bokiti mai famfo ne, ko kuwa roba ɗaya ce kowa ke tsoma hannu? Wanda ke karɓar kuɗi shi ne ke zuba salak da hannunsa? Katakon yanka nama daban yake da na ganye? Su caka ma'auni a cikin kular shinkafa su karanta. Su tambayi mai wanke-wanke, ba manaja ba, me zai yi idan ya tashi da gudawa. Daga nan ne za a duba rajistar waɗanda aka koyar. Kuma ku ware wasu laifuka da ke kayar da gida nan take komai yawan makinsa a sauran fannoni, kamar rashin wurin wanke hannu, ko samun dafaffen abinci da ya yini a ɗumi. Idan ba haka ba, gida mai tayil da fenti zai tara maki a kan ado ya rufe abin da ke kashe mutane.

A nan ina roƙonki da wani abu, Hajiya. Kada ma'aunin ya zama na masu kuɗi. Mai tuwo a rumfar kwano da ke girka daidai abin da za ta sayar, tana riƙe miyarta a kan wuta har ta ƙare, tana da bokiti mai famfo da sabulu, sau da yawa ta fi babban gida mai firji biyar aminci. Ku yi rukuni biyu ko uku gwargwadon girma, kuɗin shiga ya zama kaɗan, kuma kuɗin bita ne, ba kuɗin sitika ba. Ranar da aka fara jin cewa ana sayen sitikar, ko shugabanni sun raba wa junansu, ta mutu, kuma ba ta sake tashi. Gidanki ma a bincike shi kamar na kowa, gara ma a fara da shi.

Sitikar ta ɗauki shekarar da aka bayar da ranar ƙarewa da manyan haruffa, shekara ɗaya ta isa, domin ma'aikatan gidan abinci ba sa daɗewa, waɗanda aka horar bara ƙila rabinsu sun tafi. Ta zama mallakar ƙungiya, a rubuce a yarjejeniya cewa za a iya ɓamɓare ta idan an dawo an ga an koma gidan jiya, ko horarren shugaban ya bar aiki ba a maye gurbinsa ba cikin wata ɗaya. A sa lambar wayar ƙungiya a jiki don mai ƙorafi. Kalaman da za a rubuta ma a yi hattara da su: a ce an horar da ma'aikatan gidan kuma an duba aikinsu a wata kaza. Kada a rubuta cewa abincin gidan ba ya cutarwa, ba wanda zai iya ɗaukar wannan alkawari. Kuma ba ta maye gurbin lasisi ko binciken hukuma ba.

Wanda bai ci ba kada a kunyata shi a taro. A ba shi jerin gyare-gyarensa a asirce, a koma bayan mako shida. A wajen bikin kuma, bayan an kira mai gida, a kira kuku da mai wanke-wanke da sunansu, kowa ya karɓi takardarsa ta kansa wadda zai tafi da ita ko ya canja wurin aiki. Su ne ke tsaye a gaban wuta, kuma ma'aikacin da ya san takardar nan za ta ƙara masa daraja a wurin neman aiki ya fi riƙe abin da aka koya masa. Idan kuna neman rana, 7 ga Yuni ita ce ranar kiyaye lafiyar abinci ta duniya, ana yin ta tun 2019, kuma tana faɗowa a bakin damina, lokacin da amai da gudawa ke fara yawo. Ku yi bita a Fabrairu, ku bar wata biyu a gyara, a yi ziyarar ba-zata a Afrilu da Mayu cikin tsananin zafi. Zagayen farko kada ya wuce gidajen da masu bincikenku za su iya komawa sau biyu kafin shekara ta zagayo.